Gidan tarihi mara kwalliya a gindin dutse: zai yi a karkarar Kaduna?

Wani dattijo, tsohon shugaban makarantar firamare da ke zaune a nan Kaduna, ya aiko da wannan tambaya: "Ƙungiyar ci gaban garinmu, can wajen Kwoi, ta samu fili a gindin dutse. Muna son gina ɗan gidan tarihi don mutum-mutumin yumɓu irin na Nok da manoma kan ci karo da su a gona, da wasu sassaƙe-sassaƙe. Jikana ya nuna mini hotunan irin waɗannan gidaje a Turai da Japan: kankare tsura, ba fenti, ba ado, a tsakiyar gonaki. Ya ce shi ake yayi, kuma ya fi araha. Zai yi a wurinmu?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Zai yi. Ya ma fi dacewa da kayan Nok a kan irin ginin da muka saba, mai tayil da labule da silin mai fitilu kala-kala. Sai dai jikan naku ya faɗi rabi ya bar rabi. Maganar araha ku cire ta daga lissafi tun yanzu, kankaren nan tsura da ya burge shi kuwa shi ne abu na farko da zan hana ku.

Wannan salo Turawa na kiransa minimalizim. Ni idan ina yi wa magina bayani nakan ce ginin da ba tarkace. Ina kyautata zaton a cikin hotunan da aka nuna muku akwai wani gini da ake kira La Congiunta, a ƙauyen Giornico da ke kudancin Siwizalan. Peter Märkli ne ya zana shi, aka kammala a 1992, don ajiye ayyukan wani mai sassaƙa, Hans Josephsohn. Dogon akwatin kankare ne a tsakiyar gonakin inabi, tsakanin kogi da layin dogo. Ba taga ko ɗaya a bangonsa, haske daga sama yake sauka. A ciki ɗakuna ne a jere, kowanne da tsayin rufinsa. Ba lantarki, ba na'urar ɗumama ɗaki duk da sanyin ƙasar, ba mai gadi. Mai son kallo sai ya je wani gidan abinci a cikin ƙauyen ya karɓi makulli, ya buɗe da kansa, in ya gama ya kulle ya mayar.

Yawancin masu kallon hoton launin tokar bangon suke gani. Abin da ya kamata a gani shi ne tambayar da mai zanen ya yi wa kansa: me waɗannan kaya suke bukata? Na tagulla ne, sanyi bai dame su ba, danshi kaɗan ba ya cin su. Bukatarsu bango, rufi da haske. Sai ya ba su wannan ya tsaya. Sakamakon haka babu abin da zai lalace a ginin balle a jira kuɗin gyara. To wannan shi ne abin ɗauka a kawo gida. Ku da kuka riƙe makaranta a karkara ba sai na gaya muku yadda janareta da na'urar sanyaya ɗaki ke ƙarewa ba idan bikin buɗewa ya wuce da shekara biyu. Duk abin da mutanen garinku ba za su iya gyarawa da hannunsu da aljihunsu ba, tarkace ne, komai kyansa.

Yanzu sai mu yi wa kayanku irin wannan tambaya, don yumɓu ba tagulla ba ne.

Tun 1928 aka fara tono irin waɗannan kaya a wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kawo wa wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wani kai daga yankin Jama'a, wanda har an yi amfani da shi wajen korar tsuntsaye a gonar doya, ya lura ƙirarsa ɗaya da na farkon, daga nan sunan Nok ya bi su. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ya kai farkon wannan al'umma wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ya nuna manoman gero ne. Akasarin abin da ake samu a farfashe yake: kai daban, hannu daban, gangar jiki daban. In kun leƙa gidan tarihi na kan titin Ali Akilu, ku matsa kusa da ɗaya daga cikin kawunan ku duba. Cikinsa rami ne kamar tukunya, don da murɗin yumɓu aka ɗaga shi yadda mata ke ginin tulu. Ido mai kusurwa uku ne, an huda ƙwayar, an huda hanci, sau da yawa har baki da kunne. Santsin da aka shafe shi da shi ƙasa ta cinye, sai ƙananan tsakuwoyin cikin yumɓun suka fito fili, jikin ya yi kaushi kamar bangon da ruwa ya daka.

Wannan kaushin da waɗannan huje-huje su ne dukiyar, kuma haske ne kaɗai ke fito da su. Ku haska irin wannan kai da farin ƙwan lantarki daga gaba, zai baje ya zama tamkar ɓallin kasko. Ku bar hasken rana ya zo masa daga gefe, ɗan sama kaɗan, sai ramin idon ya yi baƙi ƙirin, kitson kan ya tashi layi-layi, leɓen ya yi inuwa, ka ji kamar mutumin zai yi magana. An yi sa'a yumɓun da aka gasa ba ya jin tsoron haske yadda tufa da takarda da fata suke ji, don haka za ku iya dogara da rana kacokan. Sola kaɗan ta isa don fitilar tsaro da dare.

Amma ranar Siwizalan daban, tamu daban. A Turai ana koya wa ɗalibai su buɗe taga ta arewa don rana ba ta taɓa leƙowa ta can da tsakar yini. Mu muna wajen digiri 10 ne sama da tsakiyar duniya, kuma daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi. Wanda ya kwafi littafi ido rufe zai sha mamaki. Tagar gilashi a tsakiyar rufi kuwa, na taɓa yin wannan kuskure da hannuna. Shekarun baya na zana wa wani bawan Allah ɗan zauren baje koli a bayan gari, na sa masa irin wannan taga don na gan ta a mujalla. A watan Maris ɗakin ya koma tanda. Da hunturu ƙura ta kwanta a kan gilashin, ba mai hawa ya share. Ruwan farko da aka yi, robar da aka liƙe gefen da ita rana ta riga ta gasa ta, sai ga mu da bokitai. Daga ƙarshe kwano muka buga a kai. Abin da nake yi yanzu shi ne in bar tazara tsakanin kan bango da rufi, doguwar taga siririya can sama ƙarƙashin inuwar kwano, a gefen arewa da kudu. Haske ya shigo ya daki bangon da aka shafe da farar ƙasa, sannan ya sauko a sanyaye. A sa mata ƙarfe saboda ɓarawo, da raga saboda jemagu da tsuntsaye da zanzaro. Iskar zafi ma ta nan take fita.

Batun kankare. Wanda kuke gani a gine-ginen Tadao Ando, mai zanen gini ɗan Japan, irin gidan baje kolin Chichu da ya buɗe a tsibirin Naoshima a 2004, santsinsa kamar an goge da alhariri, ba haka nan ya zo ba. Kafintocin da ke kafa katakon zubi ƙwararru ne na gaske, allunan duk awo ɗaya, har ramukan ƙusoshin ɗauri a jere suke kamar an ja da zare. Kankaren da ba za a yi wa filasta ba ba ya ɓoye aibu. In siminti ya tsiyaye ta tsagin katako, ko tsakuwa ta taru wuri ɗaya ta bar ramuka kamar saƙar zuma, haka zai zauna har abada. Filasta da fenti da muke rainawa, rufin asirin magini ne. In an cire su, kuɗin da aka rage sai ya koma wajen gwani da sa ido, har da ƙari. Araha ba ta ado, wannan kuwa ko adon babu amma ba arahar. Na taɓa tsayawa a gaban wani bango da muka sha wuya kafin ya fito yadda nake so, birkilan ya dube ni ya ce, "Oga, to yaushe za mu zo filasta?" Da na ce an gama, ya yi shiru, ya kaɗa kai, na san a ransa ya yanke cewa kuɗin mai gida ne ya ƙare.

Ko an samu gwanin, yanayinmu ba ya ƙaunarsa. Kankare na shan zafi yini guda ya riƙa amayar da shi cikin ɗaki har dare. Ga damina: yankinku ya fi Zariya da Kaduna samun ruwa, daga Afrilu har Oktoba. Ku dubi tsofaffin gine-ginen kankare na shekarun 1970 a cikin garin nan, yadda baƙin gansakuka ya zubo musu daga sama kamar hawaye. Shimfiɗaɗɗen rufin kankaren da ba baki, wanda shi ke ba wa waɗancan hotuna kyan akwati, shi ne ke tara ruwa har ya sami hanya. Akwai ma wani gidan baje koli a tsibirin Teshima na Japan, na 2010, da aka zuba kankare a kan tudun ƙasa sannan aka kwashe ƙasar daga ciki, aka bar manyan ramuka biyu a rufin iska da ruwa na shiga. Abin sha'awa ne ƙwarai. A gindin dutsenku kafin wata uku ya zama gidan jemagu.

Jar ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarku ta fi muku. A haƙa, a tankaɗe, a gauraya da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a matse da injin hannu a fitar da bulo. Ba ya son filasta, ba ya son fenti, launinsa kuma ɗan'uwan launin kayan da za a ajiye ne, tun da duk daga ƙasa ɗaya suka fito. Ba sabon gwaji ba ne. Da irinsa Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama da ginin don iska ta ratsa, kuma mutumin nan shi ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a sana'armu. Kusa da mu ma, a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da irin wannan bulo, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Ku ce wa jikan naku ya nemo hotunan waɗannan, zai ga ba a bar shi a baya wajen yayi ba.

Kaurin bango yana da wani amfani da ya wuce sanyi, kuma a nan ne lafiyar kayan take. Yumɓun Nok ba a gasa shi da wuta mai tsanani ba, yana shan ruwa kamar soso, kuma ya yi dubban shekaru a cikin ƙasa yana tsotsar gishirinta. Idan iska ta yi danshi gishirin ya narke a ciki, idan ta bushe ya daskare ya kumbura, ya riƙa tura fatar tana zubowa gari-gari. Gishirin girki ma da danshin iska ya kai kashi 75 cikin ɗari yake fara jiƙewa, abin da kowace uwargida ta sani a watan Agusta. A wurinmu danshi kan haura haka da damina, da hunturu kuma ya faɗo ƙasa da kashi 20. Hawa da saukar nan ita ke kashe kaya, musamman in tana faruwa da sauri. Shi ya sa na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki awa uku ta mutu awa goma ta fi rashinta illa. Bangon ƙasa mai kaurin ƙafa ɗaya da rabi yana shan danshi ya sake shi a hankali, ya rage wannan kai-komo ba da ko sisin mai ba. Kayan da suka fi rauni a sa su cikin akwatin gilashi mai rufuwa ruf, da ƙwayoyin nan masu tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Kuma don Allah a gargaɗi masu kyakkyawar niyya: kada a wanke su da sabulu, kada a shafa musu mai don su yi ƙyalli, kada a liƙa karyayye da siminti ko gam ɗin kanti.

Rufi kuwa a yi shi mai gangara, bakinsa ya fito kamar ƙafa biyar daga bango, ginin kuma ya hau dakalin dutse na ƙafa biyu saboda feshin ruwa da gara. Kakanninku ba su yi soron ƙasa irin na Zazzau da Kano ba, jinka mai tsini suka yi, don sun san ruwan ƙasarsu. Ku miƙe ginin gabas da yamma, dogayen bangayen su kalli kudu da arewa. Bangon gabas a bar shi toshe, ta can hadari ke tasowa da iskarsa, ƙurar hunturu ma daga arewa maso gabas take zuwa.

Abu ɗaya zan aro daga ginin Hausa, shi ne zaure. Mutum ya fito daga rana mai kashe ido, ya shiga ɗan ɗaki mai duhu-duhu, ƙofar gaba ba ta kallon ta baya, sai ya karkata kafin ya shiga ciki. Kafin ya kai babban ɗaki idonsa ya huce, hayaniyarsa ma ta ragu. Wanda ya taɓa shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu na zamanin Sarki Abdulkarim, ya san abin da ɗan haske kaɗan ke yi a kan bangon ƙasa da bakan gizo. Ba daga Japan aka fara sanin wannan ba.

A ciki, ɗaki biyu ko uku sun isa, kowanne kamar ƙafa 20 da 30. Jarabar da za ta same ku ita ce cikawa. Kowane gida zai so a ga abin da ya bayar, shugaban ƙungiya zai so hotonsa, wani zai kawo agogon bango da kalanda. Ku daure. Kai biyar a ɗaki, kowanne a kan dakalinsa daidai idon mai kallo, da filin da za a zagaya a ga ƙeyarsa, sun fi hamsin a kan kanta. Sauran su zauna a ɗakin ajiya a riƙa musanyawa. Akwai wani wuri a Jamus, Insel Hombroich, da ko takardar bayani ba sa liƙawa. Ban bi su a nan ba. Ɗan firamaren da ya zo daga Kafanchan ko Kachiya yana da haƙƙin sanin abin da yake kallo. A rubuta gajeren bayani da Hyam da Hausa da Turanci, a ajiye a bakin ƙofa, a bar bangon ya huta.

Makullin gidan abinci kuwa, wannan sai Siwizalan. Kayan Nok na cikin jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000 na kayan Afirka da aka fi sacewa, kuma kun fi ni sanin irin haƙar da aka yi a yankinku a shekarun 1990, yadda aka bar gonaki rami-rami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan salon ya taimake ku: ƙofa ɗaya, ba taga a ƙasa. Ɗakin ajiya shi kaɗai zan yarda a zuba wa kankare da rodi, da ƙofar ƙarfe. Kowane abu a ɗauki hotonsa ta kowane gefe, a auna, a ba shi lamba, a ajiye kwafin rajistar a wurare biyu, don abin da aka san fuskarsa yana wuyar sayarwa. Mai kula da wurin ya zama ɗan gari, gidansa na kallon ƙofar, albashinsa kuma a san inda zai riƙa fitowa kafin a sayi buhun siminti na farko.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya kamata ku fara da shi tun kafin zane. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana haƙar kayan tarihi ba da izini ba, ta hana cinikinsu da fitar da su waje, kuma wanda ya tsinta ana so ya kai rahoto. Ku je ofishinsu na nan Kaduna da takarda, ku faɗi abin da ke hannun jama'a da abin da kuke niyya, ku nemi su turo masani ya duba filin kafin a haƙa harsashi. Gindin dutse a ƙasarku, ba abin mamaki ba ne ginin ya zauna a kan abin da ake son ginawa dominsa. In suka ga tsaro bai kai a bar na asali a ƙauye ba tukuna, kada ku ji haushi. Ku fara da kwafi masu kyau, a rubuta a fili cewa kwafi ne, ku haɗa da tukwanen matan yankin da ke ginin yumɓu har yau. Sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello na yaye masu sassaƙa duk shekara, ayyukansu na ƙarfe da siminti suna iya tsayawa a waje cikin duwatsu, rana da ruwa ba su dame su ba. Za a samu masu cewa gidan gumaka kuke ginawa, daga masallaci da coci duka. Ku gayyaci limamai da fastoci tun ana shata fili, su ji da kunnensu cewa wurin karatun tarihi ne.

Filin kansa, ku hana katafila shiga. Ɗan kwangila zai so ya baje komai ya share, alhali ɗorawar nan da kaɗanyar da duwatsun da ke warwatse su ne rabin ginin. A ajiye motoci can nesa, a bar mutane su taka ƙafa ta 'yar siririyar hanya tsakanin gonakin citta, ginin ya ɓuya a bayan dutse sannan ya bayyana. Kada tsayinsa ya yi gasa da dutsen. Banɗaki da randar ruwa da rumfar da 'yan makaranta za su zauna su ci guzurinsu dole ne, amma a yi su daban a bayan itatuwa. A share ciyawa kewaye da ginin duk ƙarshen damina saboda wutar daji. Maimakon katangar bulo mai waya a kai, a jera duwatsu daidai ƙugu, ko a dasa shingen aduruku, ya isa ya tare shanu.

Kafin ku biya kowa kuɗin zane, ga aikin da zan ba ƙungiya. Ku sa a buga bulo ɗari biyu da ƙasar filin, a ɗaga ɗan bango mai tsayin mutum yana kallon gabas, rabinsa a ɗora masa kwano mai baki, rabi a bar shi a buɗe. A ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a Agusta, wani ya je da lema ya tsaya ya ga ta inda ruwan dutsen ke gangarowa, ya kafa turaku a hanyarsa. In Allah ya kai mu Nuwamba, ku kira ni mu je tare mu dubi bangon, mu ƙwanƙwasa shi, mu ga abin da damina ta ce.